Allurar Mai Gidan Burodi

Ƙarfe uku na dare, Izmir tana barci,
ni da tanda kaɗai ke ido biyu.
Kafin in taɓa fulawa sai in buɗe firiji:
ga man shanu, ga cuku, ga yis,
ga ta a tsakaninsu, siririya kamar biro,
sanyi ƙalau, ba ta cewa uffan.

In murɗa gindinta, ƙas, ƙas, ƙas,
in ɗaga riga, in tsunkuli tumbi.
Jiya dama, yau hagu,
kada fata ta yi fushi.
Ko sauro ya fi ta mugunta.

Dakta Sevgi ta ce, "Tuncay, ba tsafi ba ne.
Gwiwoyinka na dakon buhu biyu da rabi
shekara ashirin, ba su taɓa neman lada ba.
Sauke musu ko da rabin buhu."

Makon farko zuciya ta yi ta tashi.
Ƙanshin riɗin da na gada wajen ubana
ya juya mini baya.
Na yi amai a bayan shago, kyanwa na kallo.

Sai wata safiya na ji shiru.
Muryar nan da ke bi na tun ƙuruciya,
"ƙara ɗaya, ɗaya tak,"
ta kwashe kayanta ba sallama.
Na gutsuri gefen burodi mai zafi,
na ajiye sauran,
na tsaya kallon hannuna kamar na aro.

Nurten ba ta ji daɗi ba.
Shekara talatin tana auna so da faranti,
yau faranti na komawa da saura.
"Gishiri ne ya yi yawa?"
Na ce, ƙoshi ne, baƙo muka yi,
shimfiɗa masa.

Kuɗinta kuwa, a bar zancen.
Burodi nawa ke fita ta ƙofata
ya shige kantin magani duk wata!

Wata bakwai ke nan.
Mai gyaran takalmi ya ƙara wa bel ɗina huji biyu.
Ban koma saurayi ba, tumbi na nan.
Amma ran Lahadi jikana Kuzey ya ruga
kada jirgin ruwa ya bar mu,
na bi shi a guje,
muka faɗa ciki ina haki, yana dariya.

Gobe ƙarfe uku zan buɗe firiji.
Gobe dama.