Fijo Ta Shigo Ɗaki

Shekara huɗu Fijon Baffa na zaune kan duwatsu
a ƙofar gidanmu a Bolari,
kaza na kwanci a ƙarƙashin totur,
tun ran da likita ya haska idonsa ya ce:
Gidado, ka sallami hanya.

Na kwashe kaset-kaset ɗinsa na goge
na juye su cikin kwamfutata,
na kunna masa bayan la'asar.
Ya karkato kunne, ya yamutsa fuska,
ya ce, "Wannan goge ne,
ko sauro ne ya faɗa tukunya?"

Ran Asabar na ɗauki sukudireba.
Lasifika biyu na kwanto a bayan kujera,
masu faɗin faranti, masu nauyin dutsen niƙa,
maganaɗisunsu ya tara ƙusoshi kamar gemu.
Can ƙasa kuma, cikin sheƙar ɓera,
na jawo amfilifaya.

Ishaya mai gyara a Tashar Dukku
ya juya ta, ya hure ƙura, ya dube ni.
"Abin mota ba ya cin wutar Nepa.
Ka cusa ta a bango, ka sha hayaƙi.
Bolt goma sha biyu take so, abincin batir."
Ya zaro akwatin wutar wata matacciyar kwamfuta,
dubu biyu da ɗari biyar, ba ragi.
"Baƙar waya ƙasa ce.
Koriya ka ɗaura ta da baƙa, sai fanka ta farka.
Sa fis, kada ka yi rowar fis.
Wutar kuwa tana jikin rawaya."

Gwajin farko, fis ya ce ɗas,
warin ƙonanniyar roba ya kai madafa,
Dada ta ɗaga murya:
"In za ka ƙona gidan, bari in sauke miya."

Gwaji na biyu, sai gurnani,
zuuu, ba kiɗa ba magana,
kamar na sa kai cikin amya.

Na raba wayar sauti da ta wuta,
na naɗe tsiraicin kowace da salatif,
na huda tsohuwar durowar Dada
na zaunar da lasifikokin ciki,
na cusa musu audugar matashi.
Sannan ni da Lamiɗo muka kwance kujerar direba,
muka shigo da ita ɗaki, da gashin kaza a jikinta.
Maƙwabta na leƙe ta katanga suna dariya.

Baffa ya laluba, ya zauna.
Na danna.

Goge ya taso daga ƙasa,
ƙwarya ta bugi ƙirji, ruwan randa ya yi rawa.
Amma ta hagu tana kar-kar-kar.
Na leƙa: tsohon sule ne a maƙale a gindin takardar.
Na kai hannu, ya riƙe ni.
"Bar shi. Canjin wata tsohuwa ce 'yar Kumo,
ya faɗa tun kana goye.
Ba ta dawo ba, ni ban cire ba.
In babu shi, ba motata ba ce, ƙarya."

Sai na ga ƙafarsa ta hagu ta taka siminti a hankali,
hannun dama na lalube a iska
yana neman giya.

"Bara," in ji shi.
Jim kaɗan, "Alkaleri. Mai sauka ya yi magana."
Idon da ba ya ganin ƙofar ɗaki
yana ganin gadar Dindima, da masu kifi a bakinta.
Dada ta tsaya a ƙofa da ludayi,
miya na ɗiga, ba ta sani ba.

Saura kaɗan mu shiga Bauchi, Nepa ta ɗauke.
Fanka ta yi shiru. Sulen ya yi shiru.
Baffa bai saki sitiyarin da babu ba.
Ya juyo wajen da yake zaton nake, ya ce,
"Yaro, me kake jira?
Sauka ka tura ta baya."