Garmahon Madam Irmila

A Fagge nake, rumfar da ta jingina da ta masu walda.
Wata Laraba ta sauko daga a-daidaita-sahu,
tsohuwa fara sol, gashi kamar audugar rimi,
rungume da garmaho cikin zane
kamar mai kai jinjiri asibiti.
Ta ce allurarsa ta mutu.
Sai da na kashe janareta kafin na ji ta,
don muryar a dishe take, can ƙasan maƙoshi.

Kwana uku ina fama.
Na samo allura a Sabon Gari,
na ɗiga wa ƙarfen man keken ɗinki,
na ɗora faifai.
Wata murya ta tashi, siririya kamar zaren alharini,
ta hau, ta hau, ta huda kwanon rumfa,
ta wuce inda shirwa ke shawagi bisa kwata.
Masu walda suka kashe wuta.
Mai rake ya tsaya, wuƙa a hannu.
Ko kalma ɗaya ban gane ba,
amma tsigar jikina ta tashi.

Da ta dawo na ce, Madam, wace ce wannan?
Ta ɗaga haɓa, ta nuna tabon wuƙar likita.

'Yar mai gasa burodi ce a Jamus,
garin da kogi ya raba biyu.
Tana shekara tara ta fara, a coci.
Shekara ashirin da shida tana mutuwa kowane dare a dandamali,
yau sarauniya, gobe baiwa, jibi mai tarin fuka,
a ja labule ta tashi ta karɓi furanni.
Sai ƙari ya fito.
Likita ya ce ta zaɓa, rai ko murya.
Ɗanta injiniya ne a wata masaƙa a Bompai,
ta biyo shi hutun wata guda,
damina goma sha ɗaya ke nan.

Na ce, ashe zabiya ce ke.
Ta maimaita, za-bi-ya,
tana tauna kalmar kamar aya.
Sannan ta ɗaure fuska:
faifan ya yi sauri, ba da gaggawa na hau can ba.
Na rage juyin. Ta rufe ido. Leɓenta na motsi.

Ta biya kuɗin gyara, ta ƙirga canji sau biyu.

Har yau Sabi'u, yaron masu walda,
yana bin waƙar da fito in yana goge ƙofa.
Duk sanda ya zo wurin hawan nan
sai numfashi ya yanke masa,
ya yi tsaki, ya koma farko.