Igiyar Ranar Litinin

A Kuttanad, inda ruwa ya fi ƙasa yawa,
kwana shida muke murza ɓawon kwakwa ya zama igiya,
rana ta bakwai mu shiga dogon kwale-kwale,
mu ɗari da ɗoriya, gwiwa na gugar gwiwa.

Bara Purushan ya ja mu.
Murya gare shi kamar tsawar farkon damina.
Ka makara da bugu ɗaya,
ka ji sunan mahaifiyarka a tsakiyar kogi.
Muka koyi tuƙi da ido ɗaya a ruwa,
ɗaya a bakinsa,
kowa na ƙirga kuskuren na kusa da shi
don ya sami wanda zai nuna da yatsa.
Muka zo na biyar.
Jirage biyar ne a gasar.

Bana aka ba Ittoop,
tsoho mai yatsu tara
da ke gyaran inji a masana'antarmu.
Ranar farko bai tsaya a kanmu ba.
Gwangwani ya ɗauka, ya zauna a cikin jirgi
yana kwarfe ruwan da ke shigowa ta ɓaraka.
Ya tambayi Kochumon jikin 'yarsa,
ya ce wa Shameer, "Ci tukuna, kogi ba ya gudu."

Ranar gasa, daidai kwanar tsohuwar coci,
filafilina ya suɓuce.
Na ji jirgi ya yi tuntuɓe a ƙarƙashina,
na sunkuyar da kai ina jiran zagi.
Sai muryar Ittoop daga baya:
"Ni na sauya kiɗa da wuri. Laifina ne. Mu je!"
Ƙarya ya yi, kowa ya sani.
Na bayana ya turo mini na ajiya da ƙafa,
muka ja,
muka ja har kafaɗata ta manta tana ciwo.

Ba mu ci ba.
Na biyu muka zo, da tazarar hannun yaro.

Litinin inji ya cinye zare,
aikin rabin yini ya tashi a banza.
Leelamma mai kula da mu ta taho fuska a murtuke,
littafin yanke albashi a hannu.
Ta dube mu, ta dubi Ittoop
da tuni ya durƙusa cikin baƙin mai.
Ƙanenta na cikin jirgi ranar; ta ji labari.
Ta aje littafin a kan buhu,
ta soke gefen zaninta a ƙugu,
ta ce, "Wa zai nuna mini inda ake kamawa?"

Ni na nuna mata.
Hannunta bai iya ba, sau biyu zare ya yanke ta,
ta tsotse jinin ta ci gaba.
Duhu ya same mu a can, ba wanda ya dubi agogo.

Da igiyar ranar muke ɗaure jirginmu yanzu.
In ka bi ta da yatsa
za ka ji wani wuri da murɗin ya karkace.
Nan ne hannun Leelamma.
Ruwa ya ja, iska ta ja,
bai saki ba.