Kalmar da Ta Ƙi Hawa Dandamali

A Bradford, a tsohuwar masaƙar ulu
da aka mayar gidan wasa,
kujera tamanin, uku sun karye,
nan nake cin abincina.
Tabawa Korau. A jikin fosta
sukan haɗiye harafin ƙarshe; na gaji da gyara musu.

Shekara goma sha tara ke nan.
Wasana na fari mutum bakwai suka zo:
biyu ruwa ne ya koro su,
ɗaya mai gyaran hita ne, yana jiran a watse.
Shi kaɗai ya tafa har hannunsa ya yi ja.
Na koma gida a bas ɗin ƙarshe,
kayan wasa a leda,
ina lissafin kuɗin haya a bayan tikiti.

Da rana tafinta nake a asibiti.
"Ta ce cikinta ke murɗa."
"Ya ce ki sa hannu a nan."
Da dare in zauna da takarda,
in yi ta fito da magana daga wannan gaɓa zuwa waccan,
kwalekwalena na yoyo.
Wadda ta isa da rai, in ba ta ɗan wasa.
Wadda ta nutse, ni kaɗai na san kabarinta.

Bana na rubuta wasan wa da ƙane.
Ƙanen ya ci bashi, ya ce babu, babu,
sai ga shi a kasuwa yana cinikin cinyar rago,
wan kuwa ya gan shi.
A takardata na sa: ya yi masa kara.

Neville, tsohon masinjan gidan waya,
shi ke fitowa a wan.
Ya ɗaga gira. "Me zan yi a nan?"
Na buɗe ƙamus, ya miƙo min kalma huɗu,
kowacce takalmin aro:
wannan ta matse, waccan ta yi sako-sako.
Mako biyu muna ja.
Shayi ya huce sau nawa a bakin taga,
ban ƙirga ba.

Ran Talata na soke layin da biro.
Na ce, "Ka gan shi. Ya san ka gan shi.
Duƙa ka ɗaure igiyar takalminka
wadda ba ta kwance ba.
Ƙirga bakwai a zuci. Kar ka ɗago sai ya wuce."
Daga can sama Shabnam mai fitilu
ta rage haske ba tare da na ce ba.
"Kakata ma tana da sunan abin nan," in ji ta,
"ya ɓace min."

Daren buɗewa, Neville ya duƙa.
Ɗaya. Biyu.
Ko tari babu.
A layi na huɗu wata tsohuwa ta dafe jakarta,
da aka tashi ta riƙe min hannun riga:
"Haka babana ya yi wa maƙwabcinmu
shekarar da aka rufe masaƙar nan."
Ban tambaye ta da wace kalma suke kiransa ba.

Mai sharhin jarida ya ce shirun ya yi tsawo.
Tauraro uku ya ba mu.
Na yanke shafin, na liƙe tsagar da iska ke shigowa.

Jiya, a hanyar tasha,
na hango manajan gidan wasanmu,
wanda wata uku ke nan yana ce min
a ƙara haƙuri, asusu ya bushe.
Yana fitowa daga kanti da sabuwar kwat a hannu,
takardar farashi na lilo.
Ya gan ni.

Na duƙa a bakin titi, yayyafi na dukan ƙeyata,
na ƙirga bakwai,
ina laluben igiya
a takalmin da zif gare shi.