Rumbu Ba Ya Noma

Batir na uku ke nan tun da aka kau da gero,
ga shi shi ma ya kwanta
kamar jakin da ya hango tulin kaya.
Na murɗa makulli, Fijo ta ce kyat, ta yi gum.
Yaran Kwalam sun haddace muryarta,
da sun ji kyat sai su yar da gare-gare
su taho turi, kowa da farashinsa.

Akori-kura ce, ta girme ni da damina biyu.
Da kuɗin gyaɗa Baba ya sayo ta,
ya bar mini ita tare da bashin taki.

Ran kasuwar Gujungu na gangara da ita gindin ɗorawa
inda Ilu mai waya ke shimfiɗa buhunsa.
Na ce, batir nake so, na kirki wannan karon.
Bai ɗago ba. Yana fere waya da haƙori.
Ya ce, Tsalha, rumbu ba ya noma.
In ka leƙa ka ga wayam
ba rumbun za ka zaga ba,
sai ka bi sawu har gona.

Aka tura, ta tashi tana tari.
Jar fitilar nan ta gaban direba
ba ta mutu ba, ba ta kuma kama sosai ba,
ja-ja kamar garwashin da toka ta rufe.
Ya ce, tun yaushe take haka?
Na ce, ai da rana ba a ganinta.
Ya ce, ɓarawo ma haka.

Ya kashe ta, ya danna fambel da babban yatsa.
Bai saki ba, bai yi santsi ba. Ya wanke shi daga zargi.
Ya ɗauko mita mai tsagaggen gilashi:
sha biyu a kashe.
Aka sake turi, na taka mai har awaki suka watse,
allura na nan a sha biyu
ko gezau.
Ya ce, mai lafiya sai ta doshi sha huɗu.
Wannan ci take, ba ta mayarwa.

Ya kwance dainamo ya ɗora a cinya,
ya buɗe cikinsa kamar mahauci,
ya zaro gawayin nan biyu, ya auna da farce,
da sauran tsawonsu.
Ya sansana naɗin tagulla, babu ƙauri.
La'asar ta yi, masu tumatir sun fara ɗaure kwanduna,
ni ina lissafin kuɗin da ban kawo ba.

Sai ya koma bin waya, taku-taku, da kwan fitila a hannu,
daga dainamo zuwa katawut,
daga katawut zuwa jikin ƙarfe.
A nan ya tsaya.
Wata 'yar waya, ba ta kai ɗan yatsa ba,
an naɗe ta da tsumman roba.
Ya warware. Ciki ta yi kore, ta zama gari,
sili biyu kacal ke riƙe da amana.

Na duba ƙullin.
Hagu aka murɗa shi.
Duk Kwalam mutum ɗaya ke murɗa waya ta hagu,
shekara tara ke nan da muka kai shi makwanci.

Ilu ya kankare tsatsa har ƙarfe ya yi ido,
ya sa sabuwa, ya ɗaure.
Aka tura, ta tashi.
Allura ta miƙe, ta wuce sha uku tana tafiya,
garwashin nan ya mutu murus.

Kuɗin waya bai kai na kwanon dawa ba.
Batir biyu na can a zaure, na zage su a banza.

Ya ɗaga tsohuwar zai cilla a bola,
na ce, miƙo.
Na sa ta a aljihun gaba.
Na kunna fitilu tun magariba ba ta yi ba,
har gida suna haska bayan shanu.