Ragon da Na Sayo a Tibiri

Balami na sayo a kasuwar Tibiri,
jikka ɗari da ashirin, don iri.
Damina biyu ke nan yana cikin garke,
bai ko shinshini tunkiya ba.
Inda ragon Ɗan-Jimo ya kwanta,
nan yake aje haƙarƙarinsa.

Na ba shi kanwa, na ba shi harawa,
na ja shi har wurin likitan dabbobi.
Ya duba haƙora, ya duba ƙasa,
ya ce, lafiya lau, Malam Nomau.

Tsahara, ɗiyata mai karatun halittu a jami'a,
ta iske ni ina zaginsa bakin turke.
Ta ce, Baba, an rubuta irinsa.
Wasu sun ce tun a mahaifa ake dama kunun,
sinadarin jiki ke ratsa ƙwaƙwalwar ɗan tayi.
Wasu sun ce gado ne, amma ba ƙwaya guda ba,
barbaɗe ne, kamar gishiri a miya.

Na ce, abin da bai haihuwa,
ƙaƙa iri nai bai ƙare ba?
Ta ce, wataƙila ta ƴan'uwansa mata yake bi,
su yi ta zuba tagwaye.
Wataƙila. Masanan ma ba su gama gardama ba.

Da dare na fito da cocila.
Su biyun suna tuƙa, kafaɗa da kafaɗa,
kwaɗin Gulbi na ta nasu.
Sai na tuna wana Barmo, tela,
wanda ya ɗinka kayan auren rabin Maradawa,
ya biya wa Tsahara lakkwal,
ya rasu ba mu taɓa tambayarsa komi ba.

Na ƙara musu ruwa.
Na koma ɗaki.