Sandar Bana

Ni filafili nake sassaƙawa a Yelwa,
ƙarƙashin tsamiyar da ke kallon kogi.
Hannuna kan san nauyin maɗaci
tun kafin sikeli ya sani.

Shekara bakwai ke nan da Malam Nomau ya zo,
malamin wasanni, da hoto a aljihu.
"Irin wannan sanda nake so, Barmo,
kai na taɓarya, ƙugu na zanzaro."
Na ce, "Me za a daka?"
Ya ce, "Ƙwallo."

Besbol suke ce wa abin.
Duk bayan yankan shinkafa
sai a share filin makaranta,
a ja layi da toka,
a ajiye buhu huɗu a kusurwa huɗu.
Wanda ya fi kowa bugu a shekara
shi ke tafiya gida da sandata,
an shafe ta da fentin azurfa irin na rufin kwano.

Malam yana da littafi, littafin ba ya kara:
jifa nawa, samu nawa, kuskure nawa.
Bana Lawali ɗan mahauta arba'in da ɗaya.
Gado, ɗana, arba'in.

Ɗayan nan ina wurin, a kan idona.
Ƙwallo ta tashi kamar balbela ta nufi fadama,
iska ta karkato ta
taku biyu bayan toka.
Malam ya girgiza kai.

Daren nan na zauna da gizago.
Zuciya ta ce, bar mata tsaga
inda fenti zai rufe,
wa zai sani?
Sau uku ina juya itacen.
Sai na tuna in filafili ya karye tsakiyar ruwa
kogi ba ya tambayar ɗan wane ne a jirgi.

Na goge ta har ta fi ta bara santsi.

Ranar bayarwa aka yi tafi, aka raba lemo.
Lawali ya ɗaga ta sama, ta kashe mana ido.
Gado ya tafa, leɓe a cize.

Da magariba ya shigo rumfa bai ce uffan ba.
Ya ɗauki guntun da ya rage, marar fenti,
ya gwada shi a kafaɗa.
"Baba, jefo mini goruba."

Na jefa.
Har aka kira isha ina jefawa.